KU SAN ƘASARKU: GANDAYEN NAMUN DAJI NA NIJERIYA

Jawabin wayar da kan jama'a ga Hausawa mazauna Agege, Jihar Legas



 Abin da ya kawo mu yau shi ne mu yi muku bayani a kan wata dukiya ta ƙasarmu wadda yawancinmu muka san labarinta, amma ba mu taɓa sa ta a ido ba, wato dazuzzukan da Gwamnati ta keɓe domin namun daji.

Kowace shekara baƙi sukan kashe kuɗi masu yawa su tafi Kenya ko Tanzaniya kallon namun daji, suna kiran wannan tafiya safari. Kalmar ta Suwahili ce, asalinta kuwa Larabci, tushenta ɗaya da kalmarmu ta safara. Ku kuwa jikokin 'yan safara ne. Cinikin goro da na shanu shi ya kawo kakanninku Agege, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Kano a 1911. Saboda haka tafiya gadonku ce. Abin da muke roƙo shi ne ku riƙa duban ƙasar da kuke ratsawa da idon mai ita.

Yadda Ƙasar Take

Faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, an kasa ta jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Binin daga yamma, da Nijar daga arewa, da Cadi da Kamaru daga gabas, teku kuwa na kudu da ita. Manyan kogunanta biyu, Kwara da Binuwai, sun haɗu a Lakwaja.

Duk direban da ya ɗauki kaya daga nan zuwa Nguru ya san yadda ƙasa takan sake kama a gabansa. A bakin teku akwai fadamu masu ruwan gishiri. Daga nan sai kurmi mai duhu, inda goro da kwakwar manja suke. In ya haye Kwara sai ya shiga dajin doka da kaɗanya da ɗorawa. Wajen Kano sai kuka da gawo da tsamiya su karɓe shi, can gaba kuma ƙaya da aduwa da goriba da tuddan rairayi. Dalilin wannan bambanci shi ne ruwan sama, gama damina tana da tsawo a kudu, tana gajarta yayin da aka nausa arewa. Akwai kuma ƙasashen tudu masu sanyi, kamar Jos da Mambila. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, tsawonsa mita 2,419.

Kamar yadda ƙasar ta bambanta, haka mutanenta. Akwai ƙabilu fiye da 250: Hausawa da Fulani, da Yarbawa masu masaukinmu, da Ibo, da Barebari, da Nufawa, da Tibi, da Jukunawa, da Gwarawa, da sauransu. Kowace ƙabila da abin kallonta, kamar hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau, da bikin su na Argungu wanda aka fara a 1934. Hukumar UNESCO ta sa Sukur ta Jihar Adamawa cikin kayan tarihi na duniya a 1999, ta kuma sa kurmin Osun na Oshogbo a 2005.

Gandayen Arewa

Gandun da ya fi suna shi ne Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962. Ya zama na Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,240 ne. A cikinsa akwai ɗaya daga manyan garkunan giwaye da suka rage a ƙasar nan, ga ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da mugun dawa, da dorina, da kada. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta garau yake, ɗuminsa kuwa ba ya sauka daga wajen digiri 31, ko da sanyi ko da bazara. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, namun daji kuma sukan taru a bakin kogin Gaji shan ruwa.

Gandun Tafkin Kainji, a Jihohin Neja da Kwara, shi ne na farko da Gwamnatin Tarayya ta kafa, a 1979, da aka gama dajin Borgu da na Zugurma. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 5,000. Wanda ya fi shi girma kuwa shi ne Gashaka-Gumti a Jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya ɗara murabba'in kilomita 6,000. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, kuma a nan ne ake samun biran nan masu kama da mutum da Turawa suke zuwa nazari. Sai Kamuku a Birnin Gwari, da gandun Tafkin Cadi a Borno da Yobe. Fadamun Haɗeja da Nguru kuma sukan cika da tsuntsaye, waɗansunsu daga Turai suke tasowa su ƙetare Hamada gudun tsananin sanyi. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yarda a ƙara gandaye goma, cikinsu har da Falgore ta Kano da fadamar Haɗeja.

Gandayen Kudu

Mazauna Ikko ba sai sun yi doguwar tafiya ba. A Lekki akwai ƙaramin gandu mai faɗin hekta 78, wanda ƙungiyar kare halittu ta Nijeriya ta kafa a 1990. Akwai birai da tsuntsaye da kada, da wata gada da aka rataya a saman itatuwa, tsawonta mita 401. Magidanci yana iya kai iyalinsa da safe ya komo gida kafin magariba.

A Jihar Oyo akwai gandun Tsohon Oyo, inda kufan babban birnin Yarbawa yake, wanda fataken Hausa suke kira Katunga. A Jihar Edo akwai Okomu, mai giwayen kurmi. Can gabas kuma, kan iyakar Kamaru, akwai gandun Kuros Riba, inda wani irin goggon biri yake zaune, wanda duk duniya ba a samunsa sai a wannan yanki, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba.

Abin Da Ke Neman Kuɓuce Mana

To, jama'a, a nan ne maganar take da nauyi. Bakinmu cike yake da namun daji. Muna kiran jarumi zaki, muna yi wa sarki kirari da giwa, tatsuniyoyinmu kuwa ba sa tafiya sai da kura. Amma dajin da aka samo waɗannan kalmomi yana ta ƙarewa. Karkanda ta ɓace daga ƙasar nan. Zaki, wanda a da ake jin rurinsa a bayan gari, yanzu sai a Yankari da Kainji, su ma 'yan ƙalilan. Yaron da aka haifa a Agege yana iya tsufa bai san giwa ba sai a hoto.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai farautar sata domin nama da haure da fata. Akwai saran itatuwa domin gawayi da katako, da ƙunar daji, da shigar da shanu kiwo cikin gandu, inda sukan cinye ciyawa su kuma yaɗa cuta tsakaninsu da ɓauna. A 'yan shekarun nan kuma ɓarayin daji sun sami mafaka a waɗansu dazuzzuka, har ma'aikatan gandu da dama sun rasa rayukansu a bakin aiki. In daji ya tafi, ƙasa takan zaizaye, rafuka su ƙafe, hamada ta matso, manomi da makiyayi su rasa abin dogara. Da yawa daga cikin samarin da suke kwararowa Ikko neman abinci, gonar da ta daina bayarwa ce ta koro su.

Amma gyara yana yiwuwa. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai wajen tsaronsu, sai ga su sun haura 600, matasan wurin kuma suna samun abin sawa a baka ta wajen yi wa baƙi jagora.

Abin Da Ake Bukata Gare Ku

Na farko, ku sani akwai doka. Dokar 1985 ta hana kamawa da fataucin namun dajin da suke neman ƙarewa, an kuma ƙara tsananta hukuncinta a 2016. Masu fasa-ƙwaurin haure sukan bi da shi ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko. A watan Janairun 2024 Gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a bainar jama'a a Abuja. Saboda haka direba ya san abin da ke cikin buhun da aka ɗora masa. Kuɗin mota kaɗan ne, amma in aka kama kayan, shi za a fara tambaya.

Na biyu, dillalan shanu su gargaɗi makiyayan da suke hulɗa da su kada su ratsa gandu da dabbobi. Masu cinikin gawayi kuma su bincika inda aka saro itacen da suke saye.

Na uku, ku je ku gani, gama gani ya kori ji. Ƙungiyoyin kasuwa da makarantun Islamiyya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota su kai yara Lekki. Mai zuwa gida ganin dangi ta hanyar Bauchi yana iya ware kwana biyu domin Yankari. Sai dai kafin ku tashi ku nemi labarin hanya daga ofishin gandun, musamman Kamuku da Kainji da Tafkin Cadi, inda rashin tsaro ya taɓa. In kun shiga, ku bi umurnin ma'aikacin da aka haɗa ku da shi. Kada ku sauka daga mota sai ya ce, kada ku ba birai abinci, kada ku kunna wuta, kada ku kusanci giwa mai ɗa. Kuɗin da kuka biya a ƙofa yana taimakawa wajen tsaron dajin, masu abinci da masu masauki na kewaye kuma su sami ciniki.

Muna roƙon malamanmu su riƙa tuna wa jama'a cewa dabbobi amana ce a hannun ɗan Adam, kuma za a tambaye shi a kanta. Iyaye kuma su koya wa yara sunayen namun daji da Hausa, su san gwanki daga kanki, su san gada daga barewa, domin wanda ya san abu shi ke jin zafin ɓatansa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya albarkaci kasuwanninmu, ya tsare ƙasarmu Nijeriya. Amin.