Auna Teku Kafin Ka Zaɓi Inji: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina godiya da wannan dama. Na san wasu na cewa a ransu, yaron da ko rafin bayan makaranta ba ya iya ƙetarewa, shi ne yau zai yi mana bayanin teku. To, haka Allah ya so.

Kun tuna malaminmu na kimiyya ya ɗaura igiya a jikin taga yana kaɗa ta? Igiyar tana nan inda take, ƙarfin ne ke tafiya. Haka igiyar ruwa take a teku. Iska ce ke tayar da ita, aikinmu shi ne mu mai da ƙarfinta wutar lantarki.

Kafin a yi zancen inji, sai an auna tsayin igiyar da daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaya da mai bi mata. A ninka tsayin da kansa, a ninka da daƙiƙoƙin, a raba biyu. Igiya mai mita 2 da daƙiƙa 10 tana ɗauke da kimanin kilowat 20 a kowace mita ta faɗinta. Ranar guguwa kuwa, mai mita 10 da daƙiƙa 12 tana kai kilowat 600, wato ninki talatin. Injin da aka ƙera don 20 dole ya jure 600.

A nan na taɓa jin kunya. Ina sabon injiniya, na yi awo na wata uku lokacin da teku ke kwance, na rubuta rahoto har da injin da za a saya. Maigidana ya tambaye ni, "Ina sauran wata tara?" Na rasa abin cewa. Da an bi shawarata, da dukiyar mutane ta nutse.

Tun 1974, bayan tsadar man fetur ta 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinbara ya ƙirƙiro inji mai rausaya a kan ruwa kamar agwagwa. Daga baya aka yi Pelamis, dogon inji mai gaɓoɓi kamar maciji. An girka guda uku a tekun Fotugal a 2008, cikin 'yan watanni aka janye su, kamfanin kuma ya durƙushe a 2014.

A garin Mutriku na Sifen wata hanya aka bi a 2011. An gina ɗakuna cikin katangar da ke kare tashar jiragen ruwa. Ruwa in ya hau ya tura iska, in ya sauka ya zuƙo ta, iskar kuma ta juya farfela 16. Ƙarfinsu duka kilowat 296 ne kacal, amma mai gyara da ƙafa yake zuwa, kuma tashar ta haura shekara goma tana aiki.

Saboda haka, in wata rana ɗayanku yana kan kujera aka kawo masa takardar sayen irin wannan inji, ya fara tambaya: awon shekara nawa aka yi, kuma wa zai gyara in ya lalace?

Malam, abin da kuka koya mana kenan: a auna sau uku kafin a rubuta amsa. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.