Ramin da ka tona, wa zai cike shi? Hira kan neman zinare da na'ura a dajin Birnin Gwari

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau Birnin Gwari za mu. Tun da kasuwar shanu ta garin ta sake buɗewa a watan Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe saboda 'yan bindiga, mutane suka fara komawa gonakin da suka bari. To ba manoma kaɗai suka koma daji ba. Samari ma sun koma, kowa da na'urar gano ƙarfe a kafaɗa, wadda ake ce wa ditekta, da diga, da 'yar jaka. Zinare ake nema.

Ni fa ban zo in ce wa kowa kada ya nemi halalinsa ba. Zinare a ƙasar Birnin Gwari ba yau aka san shi ba, tun zamanin Turawa ake haƙarsa a wajajen Tsohon Birnin Gwari. Tambayata ita ce, idan ka gama nema ka tafi, me ka bari a bayanka?

Bari in ba ku abin da ya sa na ɗauko maganar nan. Wani ƙanin mahaifiyata manomi ne a can. Da ya koma gonarsa, damina ta riga ta rufe ko'ina da ciyawa. Yana huɗa da shanunsa biyu, sai ɗaya ya zurma cikin rami, ƙafar gaba ta karye. Dole aka yanka shi aka sayar da naman a wulaƙance. Ramin nan bai kai ƙugun mutum ba. Wanda ya tona wataƙila ƙusa kawai ya samu a ciki, ya yi tsaki ya wuce. Kawu kuwa ya ce min, "Ɗana, ban san fuskarsa ba, amma ya cinye min damina." Cike ramin ba zai ɗauke shi minti biyar ba.

To mu fara da ita na'urar. Faifan da ke ƙasanta yana aika wani ƙarfi irin na maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai ta yi ƙara. Ko wane irin ƙarfe fa: ƙusa, gwangwani, kwanson harsashi, tsohuwar fartanya. Har jan dutse mai ƙarfe a jikinsa yana sa ta kuka. Shi ya sa mafi yawan ramukan da ake tonawa babu komai a cikinsu. Kuma ƙaramin ƙwayar zinare ba ta jin sa sai yana kusa da sama, taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Garin zinaren da ke cikin farin dutse kuwa yawanci ba ta ma jin sa. Wanda ya koyi saita na'urarsa da irin ƙasar wurin, ramukansa za su ragu, bayansa ma zai huta.

Ƙa'ida ta farko ke nan: ramin da ka tona, ka cike shi kafin ka ɗaga ƙafa. Kuma akwai yadda ake yi. Ƙasar sama, baƙar nan mai taki da irin ciyawa, ka aje ta gefe guda. Jar ƙasar ciki ka zuba ta a kan buhu. In ka gama, jar ta fara komawa, ka taka, sannan baƙar ta hau sama. Idan ka juya su, wurin zai daɗe bai fitar da tsiro ba, ruwan sama kuma ya samu ƙofar zaizaya. Kwazazzabon da ke cin gona daga ƙaramin rami yake farawa.

Ta biyu, wuta. Na san dalilin da ya sa ake cinna wa ciyawa wuta, don faifan ya kwanta daidai da ƙasa. Amma wutar kaka da iskar hunturu ba ta san iyakar da ka shata mata ba. Za ta cinye kiwon makiyayi, ta cinye karan manomi, ta ƙone 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa da ke tasowa. Kaɗanya fa sai ta yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma da ita iyayenmu mata ke yin man kaɗe su sayi sutura. Ka yi amfani da lauje a ɗan wurin da za ka duba. Idan ƙara ta fito a gindin bishiya, kada ka sare saiwa.

Ta uku, ka san inda ƙafarka take. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000. Wuri ne da aka san shi da giwaye da gwanki, ga Dogon Ruwa, ga Goron Dutse. Doka ta hana haƙa a cikinsa, babu wani kwana-kwana. A wajen gandun ma, dokar ma'adanai ta 2007 ta ce ma'adanan ƙasa suna hannun gwamnatin tarayya, kuma ƙananan masu haƙa ana so su haɗu a ƙungiya su nemi lasisi. Sannan gona tana da mai ita. Ka yi masa sallama, ku yi magana, mai unguwa ya sani. Zaman lafiyar da ake lallaɓawa a Birnin Gwari bai kai a gwada shi da rigimar gona ba.

Ta huɗu, wannan ku saurara da kyau. Dajin nan ya sha yaƙi. An yi shekaru ana harbe-harbe, jiragen soja sun yi ruwan bama-bamai a maɓoyar 'yan bindiga. Na'urarka ba ta bambance zinare da abin da bai fashe ba. Idan ka fara tono ka ga ƙarfe mai siffar kwalba, ko mai fiffike, ko mai waya a jiki, ka aje diga. Kada ka taɓa, kada ka ɗauka da sunan kai wa 'yan gwangwan. Ka sa alama daga nesa, ka gaya wa mai gari da jami'an tsaro. Bayanka yara masu kiwo za su bi.

Ta biyar ita ce mafi nauyi, guba. Wasu idan na'ura ta nuna masu jijiyar dutse, sai su kwaso dutsen su kai gida a daka, a niƙa. Ku tuna Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, dutsen zinaren yana haɗe da dalma. Aka riƙa niƙa shi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka tafi. Ido ba ya gane dutse mai dalma. Don haka dutse ba ya shiga gida, injin niƙan hatsi ba ya niƙa shi, kayan aikinka ba sa haɗuwa da wankin yara, kuma ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka.

Sai makuri, wato zaiba, da ake kama zinare da shi. Idan aka ƙona shi, hayaƙin yana shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya zube a ruwa kuma yana taruwa a jikin kifi. Abin da aka wanke a rafukan da ke gangarawa kogin Mariga, wani can ƙasa ne zai ci shi a miya. Abin daɗin shi ne, zinaren da na'ura ta tsinto ƙwaya ne, ba ya buƙatar makuri ko kaɗan. Matattun batura ma ka dawo da su a jakarka, tare da gwangwani da ƙusar da ka tono, gobe ba za su sake ruɗin ka ba.

Ta ƙarshe, idan abin da ka samu ba zinare ba ne, tarihi ne fa? Gumakan Nok da duniya ke alfahari da su, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a kudancin jihar Kaduna a 1928. A Kwatarkwashi kuwa, cikin shekarun 1990, an tone irin waɗannan kayan aka yi waje da su, masana ba su samu sun yi nazarin wurin ba. Tsohon Birnin Gwari kufai ne na kakanni, akwai maƙabartu, akwai wuraren da maƙeran da suka narka tama. Idan ka ci karo da tukwane, ko ƙasusuwa, ko tsofaffin mundaye, ka mayar da ƙasa, ka sanar da masarauta ko hukumar gidajen tarihi a Kaduna. Dokar 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya. Maƙabarta kuwa ba sai an gaya maka ba.

Na san wani zai ce, "Malam, yunwa muke ji, kai kana maganar ciyawa." Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Amma zinaren sama ƙarewa yake yi, ku tambayi waɗanda suka je Jado a Nijar bayan 2014. Idan ya ƙare, gonar nan da rafin nan su za ka koma wa, kai da 'ya'yanka.

Kawu ya sayi wani sa, amma bashin yana wuyansa har yanzu. Duk safiya kafin ya ɗaura wa shanu garma, sai ya zaga gonar da sanda yana cakar ciyawa.

Idan kana wannan sana'a, ko ɗan uwanka na yi, ka gaya mana yadda kuke yi a wajenku, kuma ka tura masa wannan rubutun. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.