Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Rauta Take Mantuwa Idan An Ɗauke Wuta?

  

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Bagwai, kusa da madatsar ruwa ta Watari. Ya ce shi manomin rani ne, yana kuma da ɗan shago a bakin hanya inda yake cajin waya, yana tura wa mutane kuɗi, yana kuma sayar wa samari da dillalan tumatir damar shiga intanet ta Wi-Fi. Ya sayo rauta ta hannu a Kano, wani yaro mai ilmin kwamfuta ya cire manhajar da ta zo da ita, ya sa mata wata ta kyauta mai suna OpenWrt. Tana aiki lafiya lau. Amma da zarar an ɗauke wuta, ko man janareto ya ƙare, in ta sake tashi sai ta manta komai. Sunan shagon ya ɓace daga wayoyin mutane, kalmar sirri ta tafi, sai an kira yaron ya hawo babur daga Bichi ya sake saitawa, a ba shi kuɗin mai. Shi ne yake tambaya, shin wuta ce ta lalata ta, ko kuwa yaron ne yake yi masa wayo don ya riƙa samun na cefane?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma tambayarka tana da muhimmanci. Tun ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon shekarar 2023, ciniki mai yawa a karkara ya koma ta waya. Dillalin da ya ɗora kwandunan tumatir zuwa kasuwar Badume ko 'Yan Kaba yana son ya ga shigar kuɗinsa nan take. In ya zo shagonka sau biyu ya tarar babu hanya, na uku wani wurin zai nufa.

Bari mu fara kwantar maka da hankali. Bisa alamun da ka zayyana, da wuya a ce wuta ce ta ƙona ta, domin na'urar da ta ƙone ba ta tashi ta yi aikin yini guda. Kuma kada ka yi saurin zargin yaron, ka san an ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne, rumbun rautar ne ya cika.

Ga bayani. Ga wanda bai sani ba, rauta ita ce ɗan akwatin nan mai eriya da yake karɓo intanet ta layin waya ko ta igiya, ya rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke kusa. Ita ma ƙaramar kwamfuta ce, kuma wurin ajiya biyu gare ta. Na farko kamar rumbu yake, abin da aka zuba a ciki yana nan ko da wuta ko babu. Na biyu kamar tabarmar shanya yake, a nan ake baza abin da ake aiki da shi a lokacin, amma da wuta ta ɗauke sai ya zama kamar guguwa ta share tabarmar, ko ƙwaya ba ta saura. A ƙa'ida, idan aka sa sunan shago da kalmar sirri, rauta tana kai su rumbu ta adana. To idan rumbun babu masaka tsinke fa? Sai ta bar su a kan tabarma, ta ci gaba da aiki kamar babu komai. Kai kana ganin an ajiye, alhali a shanya suke. Wuta na ɗaukewa, shi ke nan.

Dalilin da ya sa sunan shagonka yake ɓacewa gaba ɗaya kuwa, ita OpenWrt idan ta tashi a matsayin sabuwa, Wi-Fi ɗinta a kashe yake, sai an shiga ta igiya an kunna shi. Wannan alama ce da ke nuna ta koma yadda take ranar da aka sa ta.

Yanzu sai ka ce, me ya cika rumbun, tun da ba hotuna kake zubawa ba? Amsar tana cikin tarihin manhajar. A ƙarshen shekarar 2002 wani kamfanin Amurka mai suna Linksys ya fitar da wata rauta, WRT54G, wadda aka gina manhajarta a kan Linux. Shi Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, sharaɗinsa shi ne duk wanda ya yi amfani da shi ya sayar wa jama'a, tilas ya bayyana yadda ya haɗa. A 2003 kamfanin ya bayyana nasa, a 2004 kuma wasu masu sa-kai suka ɗora a kai suka fara OpenWrt, wadda kowa ke iya ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. A wancan lokaci rumbu mai megabayit 4 ya ishe ta har da saura. Amma shekara bayan shekara manhajar tana girma, ana ƙara mata matakan tsaro da sababbin ayyuka, shi kuwa rumbun tsohuwar rauta yana nan yadda aka ƙera shi. Wato kamar iyali ne suna ƙaruwa, ɗaki kuma ɗaya.

Ka san nawa ne megabayit 4? Hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani yana iya cinye shi. Wayar da ke da gigabayit 32 ta ninka shi kusan sau dubu takwas. Amma rautoci masu araha da yawa da suka bazu a duniya, irin su TL-WR740N, da yawancin zubin TL-WR841N, da zubin farko na TL-MR3020, rumbunsu megabayit 4 ne, tabarmarsu 32. Da manhajar da aka ƙera su da ita suna aikinsu daidai. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. A cikin wannan 4 ɗin akwai ɓangaren tayar da na'ura, da na daidaita eriya, sai ita manhajar ta cinye kusan duk sauran. Ɗan abin da ya rage shi ne na adana saiti. Shi ma a yawancin waɗannan na'urori a yanke yake gida-gida, kowane gida kilobayit 64, kuma tsarin adanawar ba ya yarda ya fara aiki sai ya sami aƙalla gida biyar, wato kilobayit 320. In huɗu suka rage, ba zai buɗe ba sam.

Su kansu masu kula da OpenWrt sun daɗe suna gargaɗi a kan irin waɗannan. Zubi mai lamba 19.07 shi ne na ƙarshe da suka shirya wa masu 4 da 32, kuma a 2022 suka daina gyara shi.

To yaya za ka tabbatar? Idan yaron ya zo, ku zauna tare. Ya saita komai, ku jira kamar minti biyar, sannan ku zare wutar da gangan ku mayar, yana nan zaune. In ta manta, ya duba sauran wurin da ya rage a rumbu. Shi ya san yadda ake buga umarnin df -h. In ya ga an rubuta /tmp/root a inda ya kamata a ga rumbu, to magana ta ƙare, a kan tabarma take aiki.

In kuwa akwai wuri isasshe, a duba abubuwa uku. Na ɗaya, a shafin saiti maɓalli biyu ne, ɗaya na ajiyewa kawai, ɗaya na ajiyewa tare da zartarwa. Wanda ya danna na farko ya tashi, aikinsa bai shiga rumbu ba. Na biyu, ranar da aka sa sabuwar manhaja, na'urar tana bukatar 'yan mintoci ta shirya rumbunta, in aka katse wuta a lokacin sai saitin ya bi ruwa. Na uku, akwai ɗan maɓallin mayar da na'ura sabuwa a bayanta. Ƙurar hunturu ko faɗuwa na iya sa ya maƙale, ta riƙa tashi ba tare da ta karanta saitinka ba.

Sai magani. Na farko, kuma mafi sauƙi, idan an gama saiti, yaron ya fitar da kwafinsa ya ajiye a waya ko filashi, ya koya maka ko ɗanka yadda ake mayarwa. Aikin 'yan mintoci ne. Wannan bai warkar da ciwon ba, amma ya raba ka da biyan kuɗin babur.

Na biyu, a rage kaya. In an ƙara mata wasu manhajoji daga baya, kamar ta ƙidaya wa kowa lokacinsa ko ta raba katin shiga, a mayar da ita sabuwa, kada a sake ɗora su. Amma a lura, abin da ya zo a matse cikin manhajar tun asali, ko an share shi ba ya barin gurbi, sai ma a ƙara cin wuri wajen rubuta cewa an share. Gyaran gaskiya shi ne a haɗa ƙaramar manhaja tun daga kwamfuta, a bar duk abin da ba ka bukata, sannan a ɗora.

Na uku, a mayar mata da manhajar da ta zo da ita. Sau da yawa wannan ya wadatar da mai ƙaramin shago. Sai dai a tabbata an ɗauko wadda ta dace da lamba da zubin da ke rubuce a ƙasan akwatin, kuma kada a yi wannan aiki da wutar da ba ta da tabbas, domin in ta ɗauke ana tsaka da ɗorawa na'urar na iya mutuwa.

Na huɗu, in tana da ramin sa filashi, gwani yana iya mayar da filashi ya zama ƙarin rumbu. Amma a rautocin da modem ɗin layin waya ya riga ya tare ramin, sai an nemi mahaɗi mai baki da yawa.

Wani zai ce, ai sai a haɗa ta da batir ko sola kada ta mutu. Wannan dabara ce mai kyau, in an dubi ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin cajarta, don wata 5 take sha, wata 9, wata 12. Amma rufe ciwo ne, ba magani ba. Mun ga yadda a watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka sami matsala, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda a duhu. Ranar da batir ya gaji, mantuwar tana nan tana jira.

Shawararmu gare ka, Malam, tun da harkar kuɗin mutane kake yi, ita ce ka fara tanadin wata. Manhajar da aka daina gyarawa tun 2022 kamar ƙofa ce da aka daina duba sakatarta. In ka shiga Kano, Farm Centre ko titin Beirut, kada ka tsaya kan yawan eriya ko kyan kwali. Ka tambayi abu biyu: rumbunta nawa, tabarmarta nawa? In OpenWrt za a sa mata, ka nemi mai aƙalla megabayit 16 na ajiya da 128 na aiki, a duba lamba da zubin a tabbatar kafin ka biya. Ka san araha ba ta ado. Tsohuwar kuma kada a yar, tana iya zama a gida da manhajarta ta asali.

Akwai kuma wata 'yar'uwa mai sayar da shinkafa da man gyaɗa a yankin Bichi, da ta aiko tana tambaya ko ƙaramar na'urar aljihu da ta saya a wurin kamfanin waya ita ma tana da wannan lalura. To Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Irin taki da manhajar kamfani take aiki, an auna ta daidai da rumbunta. In kin ga ta koma sunanta na asali, galibi wani ne ya danna maɓallin mayar da ita sabuwa, sau da yawa yara. Suna da kalmar sirrin asali suna rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin batir. Ki shiga da su, ki canza kalmar, ki rubuta a littafin bashi ki adana.

Jama'a, a nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, kuma wanda zai yi tambaya a kan na'ura ya daure ya rubuto lambar da ke jikinta, don amsa ta fi dacewa. Masu aikin rani a Watari da kewaye, Allah ya ba da amfani mai albarka, ya kawo kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.