Tsarawa ko Kitsawa?



Kalma ɗaya ta Turanci muka zo da ita yau, watau "scheme". Mun saba ganinta a takardun gwamnati a matsayin suna, inda take nufin shiri mai amfani, kamar shirin noman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Amma da zarar ta zama aikatau, sai ta sake fuska. In Bature ya ce mutum yana "scheming", to, nufinsa makirci yake ƙullawa. Mun taɓa ganin takardar wani sabon akawu da ya so ya ce kwamitinsu na shirin gina rijiya, sai ya ɗauko wannan aikatau. Bai sani ba ya tuhumi manyansa da zamba. Wanda ke nufin alheri, "plan" ko "devise" zai ce.

Hausa ma ta raba su. Muna tsara aiki, muna shirya biki, amma tuggu kitsa shi ake yi. Ku dubi asalin kalmar: wadda ake yi wa kitso kanta na sunkuye, ba ta ganin abin da hannu ke yi a kanta.

Wannan ba zancen nahawu ba ne kaɗai. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, an gama madatsa a 1978. A takarda shiri ne na raya ƙasa. Manoman da aka karɓe wa gonaki kuwa, ba a shawarce su yadda ya kamata ba, diyya kuma ta yi ta jinkiri. Da suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Abin da ofis ya kira tsari, a idon manomi kitsi ne.

'Yan'uwa, gobe mu ne a kan teburan nan, kuma gonakin da za su zo gabanmu a fayil na iyayenmu ne. Saboda haka kafin mu sa hannu, mu tambayi kanmu: mai gonar ya ji? Ya yarda? In ba mu iya karanta shirinmu da Hausa a ƙofar gidan dagaci, gaban jama'a, lalle ba tsarawa muka yi ba, kitsawa muka yi.

Allah ya sa mu gane.