Gida Biyu Maganin Gobara, Amma da Kuɗin Wa?



Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, kuma ban zo in ƙaryata magabata ba. Duk wanda ya ga tsohon ma'aikaci yana safa da marwa a kan kuɗin fanshonsa ya san abin da ke sa kowa burin mallakar gidan haya. Tambayata ɗaya ce: da kuɗin wa za a gina shi?

A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sai sun ɗora nasu a kai. Mu ƙaddara ka ci bashin naira miliyan 30 a kan kashi 30, ka sayi gida a bayan gari, ka zuba 'yan haya a kan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ruwan shekarar farko kaɗai miliyan tara ne, wato hayar shekara shida, uwar kuɗi kuwa tana nan daram. Tun kafin malamai su karanto maka haramcin kuɗin ruwa, lissafi ya riga ya hana ka.

Wani zai ce ai ana yankar kashi 2.5 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Haka ne, bashinsa kashi shida ne, ana iya biya har shekara 30. Sai dai an yi shi ne don gidan da za ka zauna da iyalinka. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, suna da ijara da musharaka: ku sayi gidan tare, kana sayen kason banki sannu a hankali, kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Hanya ce mai tsafta, amma ba kyauta ba ce. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, ka ajiye ta kusa da kuɗin hayar da kake sa rai.

Abin da ke hana ni barci shi ne jinginar da gidan da iyali ke kwana. Ina da abokin aiki da ya miƙa takardun gidansa, ya kafa harsashin ɗakuna takwas. Farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, gini ya tsaya a linta. Na je na gani da idona: rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar ɗaki, awakin maƙwabta na sheƙe ayarsu a inda ya ce nan ne falo. Shi kuwa kowane wata sai an zare rabin albashinsa, ga sunan gidan 'ya'yansa a littafin masu bin bashi. Wallahi ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Waɗanda na ga sun kai gaci da adashi suka yi, ko da rancen ƙungiyar gama kai ta wurin aiki. Shago biyu suka fara fitarwa a bakin titi, hayar shagunan ta rufa ɗaki ɗaya, ɗakin ya haifi na biyu. Kuma ba su taɓa ƙirga haya a matsayin riba zalla ba, domin sokawe zai cika, rufi zai yi yoyo a watan Agusta, dillali zai karɓi la'adarsa, wani ɗan hayar zai shekara yana ba ka haƙuri.

Saura takarda. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ba a sayar da fili mai shaidar mallaka ko jinginar da shi sai da amincewarsa. Mu a nan Kano, kafin ka ba dillali ko da kafin alƙalami, ɗauki lambar filin ka tafi ofishin KANGIS mai kula da bayanan filaye a duba maka sunan wa ke kai.