Jawabi Kan Abinci da Ƙarfin Tsoka a Lokacin Tsufa

Jama'a, idan mutum ya haura shekara 30, tsokar jikinsa takan fara raguwa a hankali, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Shi ya sa tsoho yakan kasa tashi daga tabarma, ko ya faɗi ya karye.

Daga cikin dalilan wannan akwai wata irin lalacewa da ke cin ƙwayoyin jiki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bitamin C da bitamin E suna cikin abubuwan da ke tare ta. Ana samun bitamin C a gwaba da lemo da 'ya'yan kuka, bitamin E kuwa a gyaɗa da manja. Kada a daɗe ana tafasa zogale da alayyahu, domin zafi yana lalata bitamin C.

Amma waɗannan kaɗai ba sa gina tsoka. Sai an haɗa da wake, kifi, ƙwai ko nono, da aikin ƙarfi daidai gwargwado. Ƙwayoyin bitamin na kanti ba sa maye gurbin abinci. Kada a yawaita shansu sai da shawarar likita. Rigakafi ya fi magani.