Idan Ruwa Ya Taru A Gefen Huhu: Yaya Ake Ganewa?

Yau ina so mu yi magana a kan wani ciwo da ke ɓuya a bayan ciwon haƙarƙari.

Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai wani siririn wuri mai ɗan ruwa da bai wuce babban cokali ɗaya ko biyu ba. Amfaninsa shi ne huhu ya riƙa motsi ba tare da guga ba. Idan ƙwayoyin cuta daga namoniya ko tarin tibi suka shiga wurin, sai ruwa ya taru, wani lokaci ya zama mugunya, ya danne huhu.

Ga alamun da za mu lura da su a gida. An ba mara lafiya maganin namoniya kwana 3, amma zazzaɓi bai sauka ba. Gefe ɗaya na ƙirji yana suka idan ya yi tari ko ya ja numfashi. Yana son kwanciya a kan gefen da ke ciwo. Ga yara kuwa, ku ƙirga numfashi na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40 ya yi yawa.

A asibiti likita zai ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu. Huhu mai lafiya yana amsawa kamar ganga, wurin da ruwa ya cika kuwa kamar an buga buhun hatsi. Zai saurara da abin sauraron ƙirji, sa'an nan a ɗauki hoton ƙirji ko a yi sikanin.

Hoto yana nuna akwai ruwa, amma ba ya faɗin irin ƙwayar cutar. Saboda haka sai an kashe zafin wurin, a sa allura tsakanin haƙarƙari a zuƙo kaɗan a kai ɗakin gwaji. A nan ne da yawa cikinmu suke ƙi don tsoro. Ina roƙonku, kada ku ƙi. Wannan ruwa shi ne zai raba gardama. Idan mugunya ce, za a sa roba a tsiyaye ta, a ba da magani na makonni. Idan tibi ne, magani na wata 6 ne, kuma kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Za a gwada majina da na'urar GeneXpert, amma ko gwajin bai nuna kome ba, likita yana iya gane tibi daga sauran alamu.

Tsaga, ƙaho da sakiya ba sa kaiwa inda mugunyar take, sai dai su ƙara wata cuta. Jinkiri kuma yana sa mugunya ta yi kauri ta ɗaure huhu, har sai an yi tiyata. Wanda ya ga waɗannan alamu a gidan maƙwabcinsa, ya taimaka a nemi mota ran nan.